Kujerar Kawu

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Yaya ta ce tunda na ƙi magana, in rubuta. Ta ba ni wannan littafin daga cikin na ɗalibanta, an riga an yage shafi uku na farko. To ga shi ina rubutawa.

Jiya da ƙarfe biyu da minti ashirin na rana wuta ta ɗauke a ofis. Janareto bai tashi ba. Baturan ɗakin na'ura sun riƙe minti huɗu, suka mutu. Babbar kwamfutarmu ta mutu da kowa a cikinta. Kwamfuta ɗaya ce muka raba gida goma sha biyu, kowane kaso yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, muna ba kamfanoni haya. Mu muna ce musu vi-em, Kawu yana ce musu 'yan haya. Da wuta ta dawo, goma sha ɗaya sun tashi lafiya. Na asibitin ne ya tashi da bayanansa a hargitse, dole aka koma kan kwafin da aka ɗauka da asuba. Duk abin da ma'aikatan jinya suka shigar daga asuba zuwa ƙarfe biyu ya tafi, har da bayanin wanda aka bai wa magani da wanda ba a bai wa ba.

Akwai wata mata a gado na shida. An ba ta maganinta sau biyu. Iyakar abin da aka faɗa mana ke nan.

Yau Manaja ya sa aka buɗe rajistar na'urar. An ga cewa kwana goma sha tara kafin nan, wata ranar Laraba, ƙarfe ɗaya da minti arba'in, an canza saitin faifan da ake ajiye bayanan asibitin a kai. An mayar da shi kan saitin da na'ura ke cewa ta rubuta tun bayanin yana hannunta, bai sauka kan faifai ba. Sauri kam akwai shi. Amma in wuta ta ɗauke a wannan hali, shi ke nan. Sunan da ke jikin canjin na Kawu ne.

Kawu shi ne babba a sashenmu, saura wata bakwai ya yi ritaya. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, haka muka zo muka tarar ana kiransa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karanta layin. Ya ce bai tuna ba.

Na ci shinkafa. Ban ji ɗanɗanonta ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 7:05 na safe

Ni ce na zauna a kujerar.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya, kada in sake.

A ofishinmu mutum ɗaya ke da izinin taɓa saitin babbar na'ura, shi ne Kawu. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, in zai tafi sallar azahar da cin abinci sai ya bar allonsa a buɗe ya ce, "Ga kujera nan, kada ku ƙona mini gida." Shekara da shekaru haka ake yi. Dogo, mai kula da wayoyin sadarwa, ya fi kowa zama a kanta, kullum sai Kawu ya dawo yana mitar an ɗage masa kujera ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Manaja ma ya sani, sai dai bai sani a rubuce ba.

A makon da aka yi canjin, shugabar ma'aikatan jinya sau uku take kirana a yini. Shafi ɗaya sai an ƙirga ashirin kafin ya buɗe, ga marasa lafiya a layi. Ran Larabar ta tambaye ni ko 'yan makaranta aka ɗauka aiki a wurinmu. Na ajiye waya, na je na zauna a kujerar, na canza kalma ɗaya, na kashe ɗan hayar na kunna. Ban kai minti biyu ba. Na ce gwaji ne, jibi in mayar. Jibin ta kira ta yi godiya har da addu'a, ni kuma ban mayar ba.

An ce Kawu ya huta a gida har kwamiti ya zauna ranar 30 ga wata. In aka tabbatar laifinsa ne, kora ce, ba ritaya ba. Da zai fita ya dafa teburina ya ce, "Auta, ki kula mini da 'yan haya." Auta yake ce mini don ni ce ƙarama a sashen, duk da na ba talatin baya. Na ce to, Kawu.

An mayar da saitin yadda yake da, jinkirin ya dawo. Manaja ya ɗora mini aikin kawo saurin ta hanyar da ba za ta kashe kowa ba. Haka ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya yi tari.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Kawu ne ya koya mini cewa a auna kafin a taɓa. Yau na auna. Duk rubutu ɗaya da asibiti ya aika wa faifai sai ya jira milisakan arba'in da shida kafin a ce masa an gama (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Ya kamata a ce bai wuce biyar ba.

Yanzu ni aka ba izinin, da sunana. An turo mini kalmar sirri a ambulan, Manaja ya sa hannu a baya. Daga teburina nake aiki. Kujerar tana nan, an tura ta ƙarƙashin tebur, kofin shayinsa yana kife a kai.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Dogo ya tare ni a ɗakin na'ura, inda ƙarar fanka ke rufe magana. Ya ce kwana biyu bai yi barci ba, sai da ya duba ya tabbatar ran Larabar yana wani kamfani yana jan waya. Ya ce shi dai ya fita daga zargi. Bai tambaye ni ina nake ba, ni ma ban faɗa ba.

Sai ya ce kowa ya kama bakinsa game da kujera. In kwamiti ya ji ana barin allo a buɗe, dukkanmu ne a ciki, kuma Kawun ma ba zai tsira ba, tunda shi ke bari. Na ce haka ne. Na ji daɗin maganar, in faɗi gaskiya. Na riƙe ta da hannu biyu har na iso gida.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na wanke kaya. Na shanya. Na zauna ina kallonsu.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Yaya ta zauna tana makin jarrabawa a falo, ta kalle ni ta saman takarda ta ce ko wani ne ya ce ya fasa. Na ce wa nake da shi da zai fasa. Ta ce shi ne ma abin baƙin cikin. Ta yi dariya, na taya ta da baki kawai. Ta ce tun muna yara in na fasa kofi ba na kuka, sai in kama shara, kuma yau sau biyu na share tsakar gida. Na ce aiki ne ya yi yawa.

Mama ta kira. Na ce lafiya lau.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 3:10 na yamma

Na gano abu na farko. Ɗan hayar asibiti yana magana da faifai ta tsohuwar hanya, wadda na'ura ke kwaikwayon faifan zamanin da, saƙo ɗaya sai ya je ya dawo kafin wani ya tafi. Tun ranar da aka kafa shi haka yake, ba wanda ya duba. Akwai wata manhaja, direba ake ce mata, da aka yi don 'yan haya musamman, mai aika saƙonni da yawa a tare. Na gwada a kan kwafi tukuna, sau uku. Na rubuta wa asibiti takarda, suka ba ni minti goma sha biyar bayan sun shirya takardun hannu. Na canza.

Jiran ya sauko milisakan talatin da ɗaya.

Na rubuta lambar a farin allon bango. Dogo ya tafa. Ban ji komai ba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 12:20 na rana

Na je ƙofar Manaja. Na ƙwanƙwasa, na shiga, na gaishe shi. Ya ce yaya. Na ji bakina yana cewa, Yallaɓai, muna buƙatar sababbin batura da faifai biyu irin waɗanda ba sa juyawa. Ya ce in rubuto. Na ce to, na fito, na rubuta.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 6:45 na yamma

Kawu ya kira ina cikin mota. Ya tambayi 'yan haya ɗaya bayan ɗaya, kamar 'ya'yansa. Na faɗa masa zancen direba, ya ce kai, shekara nawa yana kallon abin nan bai gani ba.

Ya ce, "Auta, teburinki ne ke kallon nawa. Ran nan kin gan ni na taɓa wani abu kafin in fita?"

Na ce, "Ban lura ba, Kawu."

Ya ce ba komai, dama tambaya ce. Ya ce ya yi ta juya ranar a kansa, ya tuna abin da ya ci, ya tuna wanda ya tsaya kusa da shi a sahu, amma wannan ya ƙi zuwa. Ya ce tsufa ba ta sallama. Ya yi 'yar dariya. Na wuce tashar da zan sauka, sai da na dawo da ƙafa.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ban lura ba, Kawu.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Ni kaɗai a ofis, da mai gadi a ƙofa. Abu na biyu. Duk lokacin da za a yi gyara muna ɗaukar hoton faifai, don in an yi ɓarna a koma. Muna ɗauka, ba ma gogewa. Goma sha huɗu na samu a kan na asibiti, wani kan wani, mafi tsufa ya shekara uku. Duk abin da asibiti ya nema sai na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Shida daga ciki ni na ɗauka. Duk da sunan Kawu suke.

Haɗe su ya ci awa biyar. Ba abin yi sai kallon layin yana cika a hankali. Na sha ruwa. Na gyara wayoyin bayan teburina. Na buɗe waya na rubuta, Kawu ina son magana da kai. Na goge kai na sa ku, na goge ku na mayar da kai, sannan na goge duka.

Milisakan goma sha tara.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 5:05 na yamma

Kawu ya zo amsa tambayoyin share fage. Ya rame a wuya. Riga ce wadda na sani, amma kamar ta wani. Ya shiga wurin Manaja da mutum biyu daga sama, ya yi minti arba'in. Dogo ya ji ta jikin ƙofa. An tambaye shi ko wani yana amfani da allonsa, ya ce a'a. An tambaye shi ko shi ya yi canjin, ya ce bai tuna ba, amma sunansa ne, kuma na'ura ba ta ƙirƙirar suna.

Da ya fito ya jawo kujerar baƙi ya zauna kusa da ni. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu. Da can Kawu ba ya rubuta komai, lambobin na'ura arba'in a ka yake riƙe su, har yana yi wa Dogo gorin ƙwaƙwalwar kifi. Yau ya ce in faɗa masa abin da na yi daki-daki. Ina faɗa yana rubutawa. Na ga shafin da ya wuce. An rubuta: na kulle ƙofa, 8:10. Na sha magani, 8:15.

Ya tafi ya bar hularsa a kan teburina. Na bi shi da ita har bakin titi. Ya karɓa, ya daɗe yana kallonta. Kowa yana manta hula, ni sau nawa na bar jakata a mota. Na faɗa masa haka. Ya ce eh, kowa yana yi.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 1:40 na rana

Yanzu ne daidai lokacin da na yi canjin. Kowa ya fita. Ina zaune a teburina.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Abu na uku ba a cikin asibitin yake ba, maƙwabcinsa ne. Ɗan hayar wani kamfanin buga takardu kullum ƙarfe goma sha ɗaya yake fara binciken bairos, cutar kwamfuta, ya karance faifansa kaf, daidai lokacin da asibiti ya fi cika. Ƙofa ɗaya duk suke bi, shi kuma ya tare ta da kaya. Na yanka masa rabo, na mayar da bincikensa bayan an tashi aiki. Mai kamfanin bai ma lura ba.

Milisakan goma sha biyu.

Duk waɗannan suna nan tun ranar da matar nan ta fara kirana. Da na auna da na gani. Mako uku ne aikin, ni kuma na so in gama a minti biyu don wata ta ce mini 'yar makaranta. Ina rubuta wannan ba tare da na ji zafi ba. Ina ganinsa ne kawai, yadda ake ganin lamba a allo.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Yaya ta ce na rame. Na ce ita ce ta yi ƙiba. Ta jefe ni da matashi.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Sababbin faifan sun iso. Na raba wa asibiti kayansa biyu: bayanan a faifai ɗaya, rajistar da yake rubutawa kowace daƙiƙa a ɗaya. Na ware masa wurinsa cikakke tun daga farko, maimakon fayil ɗin da ke kumbura a hankali yana neman wuri duk lokacin da aka rubuta. Saitin kuwa na bar shi a kan mai jiran faifai ya amsa da kansa.

Dole na je asibitin don a tsaya tare a yi canjin. Shugabar ma'aikatan jinya gajeriya ce ashe, a waya na zaci doguwa ce. Ta danna shafi, ya buɗe kafin ta ɗage yatsa. Ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi mini albarka, irinmu ake so a wurin, ba tsoffin da ya kamata a ce suna gida suna wasa da jikoki ba. Na ce amin.

Hanyar fita ta bi ta gaban ɗakin matan. Ƙofar a buɗe take. Na ƙirga gadajen ba da niyya ba. A na shida wata yarinya ce da karaya a ƙafa. Ban tambaya ba. Akwai mutum uku a tsaye da zan iya tambaya.

Milisakan huɗu.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 3:20 na yamma

Na kafa kwafin asibitin a ƙaramar na'urar gwaji, na sa shi yana rubutu ba tsayawa, na zare wayar wuta daga bango. Na mayar, na duba. Ba abin da ya ɓata. Na sake. Sau goma na ce zan yi. Dogo ya shigo a na ashirin da uku ya ce Hajiya soket ɗin fa bai yi miki komai ba.

Manaja ya kira ni ya ce rahotona ya yi kyau, za a kai wa kwamiti a matsayin shaidar cewa an gyara. Ya ce bayan Litinin za a buƙaci wanda zai riƙe sashen, in fara tunani. Na ce na gode, Yallaɓai.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Na ci burodi. Na yi wanka. Saura kwana uku.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Kawu ya turo saƙo. Yana son kwafin rahoton a takarda, in ba takura in kai masa gobe. Ya ce yana so ya fahimci yadda ya kamata a yi, ko da ba zai ƙara yi ba.

Lahadi, 29 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Na je bayan la'asar. Matarsa ce ta buɗe, Anti muke ce mata. Kafin in shiga falo ta ja ni kicin ta tura ƙofa. A jikin murhun gas an manna takarda da rubutun Kawu: ka kashe? A jikin ƙofar baya ma akwai wata.

Ta ce tunda ni 'yarsa ce a wurin aiki, gara in sani. Sau biyu ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa. An yi hoto, an ce ba a ga komai ba, ya ce na'urarsu ce ba ta gani. Mahaifinsa haka ya ƙare, bai san 'ya'yansa ba, shi ya sa ya tsorata. Ya daina tuƙi. 'Yarsu ta zo wanka da jaririya, yau kwana goma sha biyu, ko sau ɗaya bai ɗauke ta ba. Ya ce mutumin da zai yi abu da hannunsa ya manta ƙurmus, ba a ba shi jinjiri. Ta ce ya riga ya rubuta takardar amsa laifi, gobe zai miƙa. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce in ɗan ba shi baki, yana jin maganata.

Yana zaune a falo, ɗan littafin a cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa rahoton. Ya fara buɗewa. Ban tashi daga durƙuson ba.

Na ce, "Kawu, ni ce na canza saitin."

Bai ɗago ba. Yatsansa yana kan shafin. Na faɗa masa kiran wayar, da kalmar, da jibin da ban mayar ba. Muryata daidai take, kamar ina karanta lambobi.

Ya ce, "Da hannunki?"

Na ce eh.

"Ba ni na ce ki yi ba, na manta?"

"A'a, Kawu. Kana masallaci."

"Kin tabbata ban sani ba? Ba ki faɗa mini daga baya ba?"

"Ban taɓa faɗa maka ba."

Ya rufe rahoton. Ya ɗauki ɗan littafin ya duba shi gaba da baya, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗarsa tana motsi. Ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin duka ne. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga murya ya kira Anti, ya ce a kawo masa yarinyar nan.

Anti ta tsaya a ƙofa tana kallonmu, ta koma ta ɗauko ta. Ya karɓe ta a hankali, ya tallafe kanta, ya gyara mata hula. Ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya ce ashe ke ce, ashe haka kike da hanci irin na kakarki. Jaririyar ta kama yatsansa. Ina durƙushe har ƙafata ta mutu.

Bai kalle ni ba lokacin da ya yi magana. Ita yake kallo.

"Kwana ashirin da shida kina kallona ina neman abin nan a kaina."

A nan ne na ji shi, duka a lokaci ɗaya. Kunya ce, kuma ta fi ƙarfin kuka.

Ya ce zancen barin allo a buɗe nasa ne, shi zai faɗa da bakinsa, ya gyara amsar da ya ba su. Sauran kuwa ba zai faɗa mini abin yi ba, ba zai kuma faɗa a madadina ba. Ya ce ƙarfe tara kwamiti ke zama, in zo da wuri.

Na ce to, Kawu. Anti ba ta raka ni ƙofa ba.

Na faɗa wa Yaya. Ta ajiye jan biro, ta saurara har ƙarshe, ba ta yi wasa ba. Ta tashi ta goge mini rigar da zan sa.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe 8:25 na safe

Na zo da wuri.